Ranar da Na Gajarta wa Kawu Rakiya

Kawuna ya taso tun daga Toranke ya zo gidana a Gaya da takardar asibiti a aljihu, yana so in kai shi Kano a duba masa idonsa da ke mutuwa. Ni kuwa na ɗora shi a bayan ɗan acaɓa na sallame shi, ban ba shi damar buɗe baki ba. Abin da ya ɗauke mini hankali a ranar, in na faɗa ma sai a ce ƙarya nake yi: gardama ce a kan kalmomin Turanci guda biyu. Shekaru sun wuce, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare, kuma ba zan yi wa kaina ado ba, ina da zafin kai da son a ce na iya. A zangon da abin ya faru an kawo mana sabon malami, matashi, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ga takalmi mai sheƙi, ga Turanci ta hanci. Tun ranar da na fara ganinsa jinina bai haɗu da nasa ba, shi kuwa bawan Allah bai yi mini komai ba. Wata Alhamis iyayen yara suka zo makaranta, da za su tafi sai na ji ya ce wa shugaban ɗalibai ya kai su bakin ƙofa, ya yi amfani da kalmar "escort". Ai kuwa na samu abin da nake nema. Muna shiga ofishin malamai na tare shi a gaban kowa.

"Malam, ashe 'yan sanda muke horarwa a makarantar nan ban sani ba?"

Ya ce bai gane ba. Na gyara zama na fara ba shi karatu. Na ce "escort" bin mutum ne a bakin aiki, ko don a tsare shi ko don a nuna girmansa, irin yadda motar 'yan sanda ke bin babban mutum da jiniya, ko yadda ake tasa ƙeyar mai laifi zuwa kotu. Mai yin haka sa shi aka yi, in ya kai inda aka ce ya kai sai ya juya, ba ruwansa da abin da zai same ka a can. "Accompany" kuwa, na ce, tafiya ce ta abokin tafiya. Inda ka nufa nan ya nufa, ku hau mota ɗaya, ku sha rana ɗaya, ku dawo tare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai duk rakiya ce, kuma kowa a ƙasar nan haka yake faɗa." Malamai suka kwashe da dariya. Ban san wa suke yi wa ba, amma na ɗauka ni ne, raina ya ɓaci ƙwarai.

Gardamar ba ta mutu a ofis ba. Ta bi mu gida, ta shiga zauren malamai da muke da shi a waya. Juma'a ta wuce muna jifan juna da hotunan shafukan ƙamus. Wasu na zuga ni, wasu na zuga shi, har malamin lissafi da bai san hawa ba bai san sauka ba sai da ya tsoma baki. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida, ƙamus biyu a buɗe a kan tabarma, waya a hannu, sai na ji sallamar Kawu a zaure.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a firamare, shi ya kwashe mu ya kai mu gidansa a Toranke, ya haɗa ni da 'ya'yansa bai taɓa nuna bambanci ba. Da gyadarsa na yi karatu har na zama abin da na zama. Mutum ne mai kara, ba ya son a ga buƙatarsa. Kuma akwai abin da duk wanda ya tashi a gidan nan ya sani: Kawu ba ya faɗin maganar da ta kawo shi a zaune. Ba shi kaɗai ba, haka manyanmu suke. Za a gaisa, a ci abinci, a yi hirar damina da tsadar taki, a tambayi wane da wance, baƙo ya ce zai koma. Sai mai gida ya miƙe ya ce bari ya taka masa. A ƙofar gida baƙo zai ce, "Koma haka, ka yi ɗawainiya." Ba a komawa. A ƙara gaba ya sake cewa a koma, nan ma ba a komawa. Sai an bar gidaje a baya, babu kunnen mata, babu na maƙwabta, sannan zai rage tafiya ya ce, "Da ma wata 'yar magana ce." To, ita ce ta kawo shi, duk sauran shimfiɗa ce.

Na san wannan kamar yunwar cikina. Duk lokacin da zan koma makarantar kwana, Kawu ne ke ɗaukar akwatina a ka ya raka ni har bakin titi, kuma a wannan hanya na ji duk wata magana mai nauyi da ya taɓa yi mini. A nan ya gaya mini ciwon mahaifiyata ba na tashi ba ne. A nan, bayan na girma, ya tambaye ni ko akwai wadda nake so, yana kallon gonakin mutane kamar ba da ni yake ba. Don haka ba ni da bakin cewa ban san al'ada ba.

Na fita na shigo da shi. Ya yi tuntuɓe da dokin ƙofar zaure, na ce, "Sannu Kawu," ya ce takalmin ne ya tsufa. Matata ta yi masa shimfiɗa a inuwar darbejiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo fura da ruwan randa. Ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi, hannun ya sauka a gefen ƙwarya, sai da ya laluba sannan ya kama. Na gani da idona. Na gani fa, amma a daidai lokacin wayata ta yi ƙara, sabon malamin ya turo wani dogon bayani, har da cewa wai wasu sun tsufa da Turancin zamanin da. Ni!

"Malam, karatu ake yi ne haka?" in ji Kawu. Tun da na fara koyarwa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Wani yaro ne yake so ya raina mini hankali, Kawu. Yanzu zan gama da shi."

"To, a bi shi a hankali."

Ya yi hirar zafin bana, ya ce rijiyar unguwarsu ta ja baya, ya ce yana so ya ƙara gyada a gonar gabas in ruwa ya sauka. Ina "eh", ina "haka ne", idona na kan waya. In zai dube ni sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, har da kafaɗa. Sau uku ko huɗu ya kai hannu aljihun gaban rigarsa ya dafa, ya sauke. Matata ta kira ni kicin ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Malam, anya Kawu lafiya? Dubi yadda yake kallo. Ka ajiye wayar nan mana." Na ce mata tsufa ne, kowa zai je can, ta bar ni in ji da abin da ke gabana.

Bayan azahar ya ce zai koma. Na miƙe na ce bari in taka masa, don baki ya saba faɗa. Muka fito ƙofar gida.

"Koma haka, Malam, na ga kana da aiki."

Sai na karɓa. Tun a kalmar farko, wadda ko yaro ya san ba a karɓa. Abin da na yi ma ya wuce komawa kawai. Wani ɗan acaɓa na wucewa, na ɗaga masa hannu, na ce ya kai Kawu tasha, na biya shi kuɗinsa, na cusa wa Kawu wani abu a hannu na ce ya sha ruwa a hanya. A raina har yaba wa kaina nake yi, wai na hutar da tsoho tafiyar ƙasa a cikin wannan rana. Kawu ya tsaya riƙe da sandarsa, bai hau ba.

"Da ma..." ya ce.

Wayar ta sake ƙara a hannuna. Na duba. Sannan na ɗago na ce, "Da ma me, Kawu?" Ɗan acaɓan na ta ba babur wuta, maƙwabcina na zaune a dakalinsa yana kallonmu.

"A'a, ba komai. A gaida yaran in sun dawo."

Ya laluba ya hau, suka tafi. Kafin su sha kwana na riga na shige gida ina rubuta amsa. Matata ta ce, "Har ka dawo? Ina ka kai shi?" Na ce na sa shi a babur. Ta dube ni, ta ɗauke ƙwaryar furar da ko rabi bai sha ba.

Na ci gardamar, in ana kiran wannan ci. Ranar Litinin sabon malamin ya same ni ya ce, "Malam, na sallama, kai ne babba." Na yi mako guda ina hura hanci. Daga baya, da na zauna ni kaɗai na karanta ƙamus ɗin da sanyin rai, sai na ga bambancin da na faɗa yana nan daram, amma yaron ma bai yi kuskure ba, ana iya faɗin yadda ya faɗa. Gajiya kawai ya yi da ni. Wannan ban gaya wa kowa ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Ban leƙa Toranke ba. Nakan ce sai an yi hutu, in an samu hutun kuma sai wani abu ya taso. Mukan gaisa a waya jifa-jifa, ya ce lafiya lau, ni ma in ce lafiya lau. Irin maganar da ta kawo shi ba a waya ake yin ta ba, kuma wanda aka tsaya masa a ƙofar gida ba ya sake tayar da ita.

Ana cikin maimai, noma na biyu, sai 'yarsa ta biyu, wadda ke aure a Balan, ta kira ni. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. "Yaya, kana da labarin Baba kuwa?" Ta ce ya shiga gonar gyada da fartanya ya share layi biyu cur, gyada da ciyawa duka, bai sani ba sai da maƙwabcin gona ya yi masa magana. Ta ce tun ranar ya daina zuwa gona, ya zauna a zaure, masallaci ma sai ya bi bango. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita gona.

Washegari na nemi izini a makaranta na hau babur. Na same shi a zaure a kan buzu, yana jan carbi. Sai da na yi sallama ya gane ni.

"Malam ne? Lale, lale. Yaya gardama? An gama da yaron?"

Dariya yake yi, wallahi ba da wata manufa ba, amma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na shiga ciki gaida Inna, matarsa, wadda ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta buɗe kwalla ta ɗauko wata takarda ninki huɗu, duk ta yi laushi saboda zufa da riƙo, ta miƙo mini.

Ta ce tun cikin bazara wasu ma'aikatan ido suka zo Ajingi ranar kasuwa suna duba mutane kyauta. Suka haska masa ido, suka ce kada ya yi wasa, ya tafi babban asibiti a Kano da gaggawa. Mutanen gari kuwa suka ce yanar ido ce, a bari ta nuna tukuna sannan a cire, ai haka aka yi wa wane da wane kuma ga su nan suna gani. Kawu ya rasa wa zai bi. Babban ɗansa yana can kudu neman abinci, sauran mata ne a gidajen aurensu. Kano kuma tsoro take ba shi, ba garin ba, asibitin: a yi ta Turanci a kansa, a ce ya dangwala hannu a abin da bai sani ba. Sai ya ce ai yana da ɗa malamin Turanci, shi zai karanta masa takardar ya gaya masa gaskiya, in ta kama su tafi tare.

"Har wanki na yi masa da guga saboda zuwan," in ji Inna. "Ya dawo da la'asar ya ba ni takardar ya ce in mayar inda take. Na ce yaya aka yi, ya ce ya tarar kana da aiki, a bari sai kaka."

Na buɗe takardar. Ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, wanda abin da ya ci ba ya dawowa. An ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. A ƙasa an ƙara da biro cewa kada ya zo shi kaɗai, wani nasa ya zo tare da shi, kuma kalmar da suka rubuta ita ce "accompany". Na tsaya riƙe da takardar a tsakar gidan da aka ciyar da ni, na kasa ɗaga kai in dubi Inna. Tir da ni, na ce a raina, tir da Turancin nawa. Minti ɗaya ya ishe ni in karanta takardar nan, da na taka masa zuwa bakin titi da ya fito da ita.

Na koma zaure na durƙusa a gabansa. "Kawu, gobe za mu Kano."

"Aikin naka fa?"

"Aikin ya jira."

"To, Allah ya kai mu."

Da sassafe na goya shi a babur zuwa Ajingi, muka shiga bas. Na ba shi wajen taga don ya sha iska. Muna tafe yana tambayata, "Yaya geron nan wajen? Ya fitar da kai?" Ina dubawa ina gaya masa, nan ya yi kyau, nan taki bai ishe shi ba, nan ruwa ya kwanta. Yana gyaɗa kai yana cewa da ma ƙasar wurin haka take. Sau biyu na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai in ga mutane a matse da mu ta ko'ina, in fasa.

A asibiti muka sha layi, daga wajen kati zuwa wannan ɗaki zuwa wancan, hannunsa na kan kafaɗata. Sai bayan azahar muka shiga wajen likita. Mace ce, 'yar kudu, mai fara'a, amma Hausarta ba ta wuce "sannu Baba" ba. Ni na zama tafinta. Ta daɗe tana duba shi, ta sa shi ya kafa haɓa a wata na'ura, ta ɗiga masa wani abu, ta sake haskawa. Sannan ta ce idon dama ya riga ya tafi gaba ɗaya. Na hagu da saura kaɗan, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Akwai maganin ɗigawa da zai iya riƙe wannan sauran in an dage da shi har ƙarshen rayuwa, amma abin da ya tafi ya tafi. Na fassara masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe da saura."

Sai ta jawo takardar Ajingi ta dubi kwanan watan da ke kai. Ta ƙirga watanni da yatsu. Ta cire tabarau, fara'ar nan ta ɓace. Ni ta duba, ba shi ba. Ta ce tun wancan lokaci ina muka shiga? Ta ce da an kawo shi a makon da aka rubuta takardar nan, tana kyautata zaton da yanzu yana gani da ido biyu. Ta ce wa ke kula da tsohon nan?

Kafin in amsa mata, Kawu ya juyo gare ni.

"Me ta ce?" in ji Kawu.

Na gaya masa yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya murza kan sandarsa.

"Gaya mata ni ne na ƙi. Ka ce yaron nan ya yi ta fama da ni, har gida ya yi ta zuwa, na ce sai na gama noma. Ka ce taurin kai ne irin namu na tsofaffi."

"Haba Kawu..."

"Gaya mata mana. Ba aikin da ya kawo ka ke nan ba?"

Kuma na gaya mata. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, ya fi ranar babur ɗin ma. Ba wanda ya ɗaure mini baki. Likitar ba ta jin abin da ya ce, da na ga dama sai in ce mata ni ne, ya zo har gidana na kore shi da ladabi. Amma na juya na zuba mata ƙaryar Kawu da Turanci mai kyau, tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Sai ta juya kansa da faɗa, irin faɗan da ake yi wa wanda ake tausayi. Ta ce in gaya wa Baba ya cuci kansa, gyada nawa ce za ta saya masa ido? Ta ce daga yau ya riƙa jin maganar ɗansa. Ta tsaya tana jira in fassara. Na fassara wannan ma, kalma bayan kalma, ina kallon ƙasa.

"Ta yi gaskiya," in ji Kawu. "Ka ce ta yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Ta rubuta magani ta miƙo mini, fuskarta ta saki. Ta ce Baba ya yi sa'a da ya samu ɗa kamata, tsofaffi da yawa su kaɗai suke zuwa mata, babu mai riƙe musu hannu. Ta yi mini murmushi, ta ce Allah ya yi mini albarka.

"Ta ƙara cewa me?"

"Ta ce safe da yamma za a riƙa ɗigawa, Kawu. Kada a yi fashi."

"To," ya ce. Ya miƙe, ya miƙa hannu yana neman kafaɗata ta ɓangaren da ba na nan. Na zagaya na tsaya inda hannun yake.